Tanko Yana Hanya

A duk tatsuniyoyin da kakata Iya Dela ta yi mana a Ruma, babu wadda na tsana kamar ta Tanko baduku. Har yau in na tuna ta sai raina ya sosu.

Bayan girbi, in sanyi ya shigo, da an idar da sallar isha'i sai ta sa a hura mata kara a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu tana ɓarar gyaɗa. A bayan ɗakin tana da ɗan fegi inda take shuka karan dafi, jar dawar nan da dukawa ke rina fata da ɓawon karanta. Ni take kira angonta, irin wasan kaka da jika, tana cewa ba ta taɓa ganin miji mai gajen haƙuri irina ba. Mukan roƙe ta ta yi mana ta Gizo. Wata rana ta yi, wata rana kuwa ta gyara murya ta ce, "Ga ta nan tafe da fata a kafaɗa." Da na ji haka na san yau an cuce mu.

Wai a zamanin da Katsina ke bin Sakkwato, malamin Wagini ya ba Tanko fatun akuya biyu masu kyau, ya yi wa Alƙur'aninsa jar gafaka. Tanko gwanin ɗinki ne, amma jansa ba ya kamawa, kullum sai ya fito kamar ruwan goro. Aka ce ya je kasuwar Safana wurin wata tsohuwa mai daddawa. Ita ba ta iya jima ba, ba ta iya rini ba, amma duk ƙasar nan ta san wanda ya iya kowane abu. Bayan sun gaisa ta ce masa akwai wani tsoho a Ruma da jansa ba ya koɗewa, ta ji ana cewa kanwa yake sawa, ya je ya ji daga bakinsa.

Tanko ya dubi rana, ya tuna nisan Ruma da dajin da ke tsakani, ya ce ai magana ta ƙare, kanwa ce, ga ta nan a kasuwa. Ya koma gida ya zabga ta cikin tafasasshen ruwan karan dafi, ya tsoma fata guda. Fata ta yi baƙi ƙirin, ta ƙandare kamar kilishi. Ya dawo Safana yana kumfar baki. A nan Iya kan maƙale murya ta kwaikwayi tsohuwar: "Ni hanya na nuna maka, ɗan nan. Yaushe na ce maka ni ce Ruma?"

Dole ya saɓa fatar da ta rage ya tafi. Tsohon Ruma ya nuna masa yawan kanwar da ake sawa, ya ce kuma ba a tafasa ruwan. Amma abin da ke hana jan koɗewa, ya ce wannan a wurin wata mata a Babban Duhu ya tsinta, kuma ba zai yarda ya faɗa a madadinta ba, kada ya rage wani abu. Tanko ya naɗe fatarsa ya sake kama hanya.

"Ƙurunƙus," in ji Iya, "wuta ta cinye karanta, ku tashi."

Haba! Sai in miƙe in ce ya rina ko bai rina ba? Ta ce yana hanya. In ce to gobe fa? Ta ce gobe ma yana hanya. Na sha buga ƙafa da kuka kan wannan, ita kuwa tana dariya har da tari. Ba ta taɓa ƙarasa ta ba har Allah ya karɓi ranta.

Da na girma na karanta kemistiri, na zaɓi in yi bincikena na babban digiri kan jan da ke cikin karan dafi. A lokacin 'yan bindiga sun riga sun tashi ƙauyenmu, dangi sun koma cikin Batsari. Ƙanen babana ne ya fito da damin ƙarshe na irin Iya, ya aiko mini. Na tatse shi a ɗakin gwaje-gwaje, abin da na samu bai cika 'yar kwalba ba. Saura in tace shi ya fita tsaf. In na ɓata shi, babu inda zan samo wani.

Farfesan da ke duba aikina ya ce kada in taɓa kwalbar sai na duba abin da magabata suka yi. Ya tura ni laburare, wurin manyan kundayen nan da aka tattara bayanin sinadarai a ciki. Wayyo, na ga ta kaina. Ba da suna ake neman abu a cikinsu ba. Sai ka zana ƙirar sinadarin, ka gane danginsa, ka nemo juz'in dangin, sannan ka bi juz'o'in ƙari da aka yi bayan shekaru, ɗaya bayan ɗaya, ga shi da Jamusanci aka rubuta. Na yi makonni da ƙamus a cinya. Ranar da na kai ga abina, layi biyu rak na tarar: ana tace shi da ruwa kaza, a duba mujalla kaza, shafi kaza. Mujallar kuwa ba mu da ita.

Ruwan da aka ambata yana nan a kan kanta a ɗakin gwaje-gwaje. Na ɗauko shi, na fito da kwalbata daga firji, har na kunna wuta zan ɗumama su. Sai na ji muryar nan maƙalalliya tana tambayata yaushe ta ce mini ita ce Ruma. Na kashe wutar ina tsaki. Wallahi ba don natsuwa na fasa ba, haushi ne ya cika ni, tsohuwa tana kabari tana hana ni aiki.

Ma'aikacin laburare ya rubuta wa wata jami'a a ƙasar waje, na yi ta jira har damina ta wuce. Da kwafin takardar ya iso na zauna na fassara. A tsakiyarta marubucin ya ce kada a kusanta shi da zafi, in aka ɗumama launin ya mutu. Na tuna wutar da na kashe ranar nan. Na ci gaba da karatu ina ɗokin matakin ƙarshe, sai na tarar ya rubuta cewa sauran an yi shi kamar yadda wani ya riga ya bayyana, a duba wata mujallar. Na kifa kai a tebur, ban san ko dariya nake ko kuka ba.

Har yanzu ina jin haushin Iya da ta ƙi ƙarasa tatsuniyar. Amma na lura da abin da ban lura da shi ba ina yaro: duk lokacin da ta rufe bakinta, fatar nan tana kafaɗar Tanko lafiya lau. Ni ma kwalbata tana firji, ja wur, kamar ranar da na tatse ta.

Da Farfesa ya tare ni a baranda ya tambaye ni ina aiki ya tsaya, na buɗe baki zan yi masa dogon bayani. Abin da ya fito shi ne, "Yana hanya, ranka ya daɗe."