Lissafin Shekaru a Gida Ake Yin Sa

Shekara ashirin Yaya Kung Hsiu-luan ta yi tana kula da rumbun bayanai a ƙungiyarmu mai kai wa tsofaffi abincin rana, teburina na jikin nata. Gajeruwa ce mai baki, ba ta rabo da butar shayin oolong. Har yau in na ji ƙamshinsa sai kewarta ta kama ni.

Kowace safiya kwamfutarmu ta babban ofis a birnin Kaohsiung ke tambayar ta kowane reshe, ta haɗa jerin waɗanda suka haura saba'in. Wanda babu sunansa, ba a kai masa abinci. Dokar Yaya ɗaya ce: reshe ya turo ranakun haihuwa yadda suke, lissafin shekaru a nan gida za a yi. Shi ya sa aikin ke cin minti arba'in, musamman na reshenmu da ke wani tsibiri, inda wata tsohuwar kwamfuta ke nishi a ɗakin bayan haikali.

Da aka kawo sabon manaja, Ouyang Chia-hsun, abin ya tsone masa ido.

"Yaya, ki bar ta can ta yi lissafin, ta turo mana amsa kawai," in ji shi. "Minti biyu an gama."

"Ka taɓa ganinta? Ni na gan ta. Ta girme ka."

"Lissafi ai lissafi ne."

"To sannu, uban lissafi."

Ya fi ta muƙami, don haka ya juya abin da kansa. Wata shida lafiya ƙalau, har yana yi mata tsiya wai yanzu ta sami lokacin shan shayi. Sai muka shiga shekara ta ɗari a kalandar ƙasarmu ta Minguo. Ashe gurbi biyu kawai kwamfutar tsibiri ke da shi na shekara, ta karanta ɗari a sifili biyu. A wurinta, duk tsibirin ba wanda aka haifa tukuna.

Jeri ya fito tsaf cikin minti biyu. Ni dai ban ga komai ba. Yaya ta bi shi da yatsa yadda ta saba, tana neman suna ɗaya: Malam Hsu, wanda ya koyar da ita a firamare can tsibirin. Babu shi. Babu mutum sittin da uku.

Ko kallon manaja ba ta yi ba. Ta buga wa masu girkin tsibiri waya ta ce su ɗora shinkafa kada su jira takarda, sannan ta dawo da lissafin gida. Malam Hsu ya ci abincinsa ƙarfe ɗaya maimakon sha biyu, bai ma san abin da ya faru ba.

Da ta yi ritaya tsibirin ta koma, ni na gaji kujerarta. An sauya waccan kwamfutar tuni, har ina barin sabuwar ta yi wasu ayyukan a can. Amma na shekaru a gida nake yi, in bi jerin da yatsa. Bara sunan Yaya ya shigo. Yau ma na duba, tana nan a layi na arba'in da bakwai.