Kawu Na-Baya

A gidanmu an daɗe ana cewa Kawu girman kai gare shi. Ka gaishe shi ya wuce, ka kira shi daga tsakar gida har muryarka ta dishe. Umma, wadda take yayarsa, cewa take tun da ya fara shiga ofisoshi masu sanyi ya daina ganin mutane da gashi. Ni ce mai ajiye hotunan gida da labarin kowa, shi ya sa nake so a rubuta nasa daidai, kafin wannan magana ta zama ita ce tarihinsa.

Aikin Kawu ɗora na'urorin sadarwa ne a cikin rak, wata doguwar durowar ƙarfe da ake jera su hawa-hawa. Wasu na'urorin sun fi buhun siminti nauyi, don haka sai an fara ɗaura sandunan ƙarfe biyu, hagu da dama, waɗanda suke ce wa reli, sannan a zura na'urar a kansu. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana gaba yana turawa, ɗaya yana baya yana ɗaure noti, ba sa ganin juna. Kawu tun yana saurayi shi ne a baya, har sunan Na-Baya ya bi shi. Sau ɗaya ya taɓa shiga da ni irin ɗakin. Gaba sanyi kamar cikin firji. Baya kuwa, inda yake tsayawa, nan fankokin na'urorin ke huro zafi da wani ƙugi da ba ya ɗaukewa. Da na fito, sai da kunnena ya wuni yana kuka. Shi ya yi shekaru a ciki, ba wanda ya taɓa miƙa masa ko audugar toshe kunne.

Abokin aikinsa na gaba wani gajeren mutum ne mai saurin hawa, ana ce masa Barkono. Shi kaɗai ya san kunnen Kawu ya tafi. Sai suka tsara abinsu: Barkono ba ya turo na'ura sai Kawu ya ƙwanƙwasa reli da sukudireba, ya ji ƙarfen ya motsa a tafin hannunsa. In bai ji ba, ko manaja na tsaye a kansa, ba zai tura ba. Haka suka rufa wa juna asiri, don sun san ranar da kamfani ya gane, ranar Kawu zai ajiye aiki.

Wata safiya manaja ya raba su, wai aiki ya yi yawa, kowa ya ja wani. Barkono ya tayar da jijiyar wuya.

"Oga, ni da Na-Baya ba a raba mu."

"Aure aka ɗaura muku?"

"Hannunmu ne ya saba."

"To ya saba da wani. Ko akwai dalili?"

Akwai dalili, amma faɗarsa kora ce. Barkono ya kalli Kawu, Kawu ya yi murmushi ya gyaɗa kai, don bai ji ko kalma ɗaya ba.

Aka haɗa Kawu da wani magidanci mai haƙuri da suke kira Liman. Za su ɗora babban batir a ƙasan rak. Liman ya yi abin da kowa ke yi: ya ɗaga murya ya ce zai turo, ya sake faɗa, bai ji an ce tsaya ba, ya tura. Hannun Kawu yana cikin reli yana ɗaure notin ƙarshe. Yatsu biyu suka murƙushe.

A asibiti Umma ta ji gaskiya daga bakin Barkono. Ban taɓa ganin ta haka ba.

"Kai ka sani, ka bar mu muna zagin sa a gida?"

"Yaya, shi ya ce kar in faɗa."

"Da ya ce ka tura shi rijiya, sai ka tura? Wannan ba amana ba ce, Barkono, tsoro ne."

"In na faɗa su kore shi. Ke za ki riƙe masa gidan?"

"Yanzu da ka yi shiru, yatsun sun dawo?"

Barkono ya fita yana huci, ya je ya shuri kujerar baranda.

Kamfani kuwa ya sami wanda zai ɗora wa laifi. Aka ce Liman ya tura ba tare da ya tabbatar ba, za a sallame shi. Barkono ya dawo da labarin, ya durƙusa gaban Kawu yana magana a hankali don ya karanta bakinsa.

"Ka yi shiru kawai. Hannu ya warke, mu koma yadda muke."

"Liman fa?"

"Liman zai sami wani wurin. Kai wa zai ɗauke ka?"

"Ya kira ni?"

Barkono ya kawar da fuska.

"Na ce ya kira ni kafin ya tura?"

"Ya kira."

Ni na raka Kawu ofis, hannunsa a naɗe, don in maimaita masa abin da aka ce. Ya gaya wa manaja cewa Liman ya kira, shi ne ba ya ji, kuma ya daɗe ba ya ji. Abin da har yau yake tafasa min zuciya shi ne tambayar manajan. Bai ce a ina kunnen ya lalace ba, alhali rak ɗin nasu yana can ƙarshen baranda yana ƙugi. Cewa ya yi, "Me ya sa ka ɓoye mana?" Na juya zan maimaita wa Kawu, sai na ji ba zan iya ba. Na ce, "Kawu, tashi mu tafi."

Liman yana nan a bakin aikinsa. Kawu yana gida. Da hannu ɗaya da rabi ya kafa wa Umma kantoci a kicin, miƙaƙƙu kamar an ja da zare, ita kuma yanzu in za ta yi masa magana sai ta zagayo gabansa.

Barkono ya yi watanni bai tako ba, wai Kawu ya zubar da abin da suka daɗe suna tarewa. Ranar da ya zo, ya tarar da shi zaune a ƙofar gida, ya jingina da ƙyauren ƙarfe, ya ba hanya baya. Barkono bai yi sallama ba. Ya zaro sukudireba daga aljihu ya ƙwanƙwasa ƙyauren. Kawu ya ji ƙarfen ya motsa a jikinsa, bai ko waiwaya ba.

"Wa suka sa maka a baya?" ya tambaya.

Barkono ya zagayo gabansa. "Wani ne. Na saya masa abin toshe kunne, wai yana takura masa."

"Ka gaya wa manaja ya saya wa kowa?"

"Na gaya masa. Ya ce za a duba."