Jirgin Garinmu a Kado

A bayan garinmu, can arewa, akwai wani shimfiɗaɗɗen fili da Turawa suka share lokacin yaƙin Hitila domin jiragen soja. Mahaifina ya yi aiki a wurin yana saurayi, cikin masu gangara duro-duron mai daga mota zuwa gindin jirgi. Da yaƙi ya ƙare Turawan suka kwashe ya-nasu-ya-nasu, suka bar jirgi ɗaya a bakin fili, wanda ya sauka da ciki bai sake tashi ba. Mun taso mun same shi a nan, ba taya, ba inji, fiffike ɗaya a karye, awaki na shan inuwa a ƙarƙashin ɗayan.

Ni tarihi na karanta, aiki kuma ya kawo ni Abuja, wani sashe na wata ma'aikata da ke da hannu a adana kayan da. Lokacin farar hula sun dawo kan mulki, kuɗin mai na shigowa, duk inda ka waiga gini ne ke tashi. Na ce babu lokacin da ya fi wannan. Na shiga wurin daraktanmu na ba shi shawara a ɗauko jirgin a adana, a kuma je a ji ta bakin tsofaffin da suka yi aiki a filin tun suna da sauran numfashi.

Daraktan ba Bahaushe ba ne, amma yakan yi mini Hausa idan yana son ya sallame ni cikin daɗi. Ya ce, "Hajiya, wannan magana naka yana da kyau. Amma jirgi na Turawa ne, ba namu ba."

Na ce, "Oga, su suka tuƙa shi, amma iyayenmu suka sare dajin, su suka daɓe filin."

Ya ce, "To, za mu sa kwamiti."

An sa kwamitin. Muka zauna a wani otal mai sanyi, aka sha shayi, aka ɓata yini ana gardama ko jirgin hakkin ma'aikatarmu ne ko na wata. Wannan ofis ya tura ni wancan, wancan ya ce mai sa hannu ya tafi taro ƙasar waje. Wani babba ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko jirgin yana tashi. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. A tsakanin an saya wa manya sababbin motoci, an canza labulen ofis, ni kuwa ko motar da za ta kai ni in ɗauki hoto ban samu ba. Abokan aiki har suna kira na uwar jirgi.

Wata safiya ƙanena ya bugo waya daga gida. Ya ce, "Yaya, an ɗauke jirginku." Wasu mutane sun zo da tirela da injin ɗaga kaya, suka kwance fiffiken, suka loda jirgin suka tafi. Ya tambayi mai unguwa, ya tambayi sakatariya, kowa ya ce shi ma gani ya yi.

Ban sake jin ɗuriyar jirgin ba sai wata Asabar da na fito daga gidana a Gwarinpa zan sayi kifi a Kado. Ina kan hanya na hango hancinsa ya leƙo ta saman wata katanga. Saura ƙiris in daki motar gabana. Na faka, na shiga. Lambun shaƙatawa ne sabo fil, irin waɗanda suka cika gari a shekarun nan. An ɗora jirgin a kan ginshiƙan siminti, an shafe shi da fenti ruwan ɗorawa, an fasa masa ƙofa a gefe da matakala. A cikinsa kujerun roba ne da talabijin na kallon ƙwallo. A ƙarƙashin fiffiken kuma mata na gasa kifi, hayaƙi na tashi yana baƙanta ƙarfen.

Na nemi mai wurin, raina a ɓace. Wani Alhaji ne ɗan kasuwa, mai fara'a, ya sa aka kawo mini kujera da lemo. Na faɗa masa ko ni wace ce, na ce abin da ya yi ɓarna ce. Bai yi fushi ba, kuma wannan ya ƙara ƙona mini rai.

Ya ce, "Hajiya, ai ni na riga 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Da na ƙara mako guda da tuni ya zama tukwane. Idan gwamnati na so, ta zo ta ɗauka, ga shi nan."

Ranar Litinin na koma wa darakta da gudu, na ce abin da muke nema ya kawo kansa har Abuja, ba sauran zancen nisa. Ya ce ai yanzu ya zama kayan ɗan kasuwa, sai an nemi shawarar lauyoyi.

A cikin wannan hali aka kawo Baba wurina za a yi masa aikin yanar ido. Da ya warware ya fara gani, na ba shi labari. Ya ce, "Uwata, kai ni." Haka yake kira na don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Muka je bayan la'asar. Kiɗa na tashi, samari sun cika wurin suna ihun ƙwallo. Baba ya dogara sandarsa ya zagaya jirgin a hankali. Bai kalli matakalar ba, bai kalli masu kifi ba. Ya tsaya wajen hancin, ya miƙa hannu yana shafa wata lotsawa da fenti bai iya ɓoyewa ba.

Ya ce, "Nan ne."

Na ce, "Nan ne me, Baba?"

Ya ce ranar da jirgin ya sauka tayoyinsa sun ƙi fitowa, ya zame ya bar hanya ya yi cikin ciyawa. A cikin ciyawar akwai masu yankan da aka sa su share gefen fili. Kowa ya watse, sai mutum ɗaya da lauje a hannunsa, kurma ne, bai ji komai ba. Abokin Baba ne, tare aka yi musu kaciya. Turawan jirgin duk sun fito da ƙafarsu. Kurman kuwa hancin jirgin ya buge shi ya mutu, Baba da wasu mutum biyu suka naɗe shi a buhu suka kai wa uwarsa.

Na girma a gidan mutumin nan, ban taɓa jin wannan ba. Na ce me ya sa bai taɓa faɗa ba. Ya ce, "Wa ya tambaya?"

Ya ce in roƙa a tsayar da kiɗan zai yi wa mamacin addu'a. Na je wurin manaja, ya ce kwastomomi za su yi ƙorafi. Na ce minti kaɗan ne. Ya ce sai Alhaji ya zo. Na ɗaga murya har mutane suka fara waiwayowa. Baba ya kamo gefen mayafina ya ce, "Bar shi, Allah yana ji." Ya ɗaga hannu ya yi addu'arsa a cikin wannan hayaniya, ni kuma ina tsaye hawayen takaici na zubo mini.

Bayan Baba ya koma gida ba da daɗewa ba, guguwar rusau ta iso Kado. Aka ce lambun a kan hanyar ruwa yake, aka shafa wa katangar jan fenti, alamar za a rushe. Na kira Alhaji, ya ce wallahi kyauta zai bayar, a kawo mota kawai. Na bi ofis-ofis kamar mai neman bashi. Aka ce direban babbar motar ma'aikata yana hutu, aka ce ba a san inda za a ajiye shi ba, aka ce in jira taron wata mai zuwa. Katafila ba ta jira taro ba. Ranar da na isa na tarar da 'yan gwangwan sun riga sun yanyanka shi da wuta, suna loda guntayen a kura. Na tsaya ina kallo har suka gama. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni ko ina da tsohon ƙarfe a gida.

Da sallah na je gida da rikoda, na ce ko ba komai in ɗauki muryar Baba. Na tarar an yanka filin fuloti-fuloti, har an fara kafa tubali a inda jirage ke sauka. Na ajiye rikodar a gabansa a kan tabarma, na ce ya ba ni labarin tun daga farko.

Ya dubi abin, ya dube ni. Ya ce, "Uwata, ba jirgi, ba fili. Wanda ya ji sai ya ce tsoho ya ruɗe."

Na lallashe shi, na kawo masa fura, na sake tambaya washegari. Ya ce ya gaji, in bari sai na sake zuwa. Kafin in sake samun hutu Allah ya yi masa rasuwa.