Saminu, Mijin Hussaina na Wasa

Duk wanda ya taɓa saran rake a fadamar Janfalan ya san Saminu. Ba don ƙarfi ba, siriri ne, kafin ya ɗaure dami ɗaya wasu sun ɗaure uku. Amma masu gona har rige-rigen ɗaukarsa aiki suke yi, domin ranar da yake cikin gona ba a jin zafin rana. Zai kwaikwayi tafiyar mai gonar a bayan idonsa, ya kwaikwayi dillalin Makarfi yana kushe rake alhali yawunsa na zuba, ya kwaikwayi tarin injin ban ruwa in mai ya ƙare masa. Sai ka ga ƙato ya yar da adda ya riƙe ciki.

Yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya rasu. A zaman makokin ya lura cewa in ya ba mutane dariya sukan daina yi masa kallon tausayi, shi kuwa ba abin da ya tsana kamar wannan kallo. Daga nan bakinsa bai sake hutawa ba.

Hussaina 'yar kawunsa ce a Furana, wato taubashiyarsa. Tsakanin taubasai kuwa ba a riƙe magana, ka tsokana, ka yi baƙar magana, ba mai jin haushi. Ita tana ce masa bawana, shi yana ce mata matata, ya dafe ƙirji ya zube ƙasa wai sonta zai kashe shi. Kowa ya yi ta dariya. Gaskiya yake faɗa, tsirara, a gaban jama'a, shekara da shekaru, kuma ba wanda ya ji.

Da aka aurar da ita ga wani direba a Ikara, Saminu ya ɗaura zane ya yi rawa a bikin har mata suna share hawaye. Ya koma gida ya kwanta kwana uku. Aka ce zazzaɓi ne.

Bayan shekara tara direban ya rasu. Saminu ya bari ta gama takaba, ya ƙara wata biyu don kunya. Lokacin ya doshi arba'in, bai taɓa aure ba, ɗaki ɗaya gare shi a zauren gidan gado, ko kaza ba ya kiwo. Tun da mutum ba ya nema wa kansa aure, sai ya ari babbar riga, ya tafi wurin Baffa Zakiyyu, ƙanin mahaifinsa, ya durƙusa.

"Baffa, na zo ne a nema mini auren Hussaina."

Tsohon ya dubi rigar da ta yi masa yawa, ya dubi fuskar da ya ɗaure, sai dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya ƙwala wa matarsa kira.

"Zo ki ga ja'irin nan, yau ango ya zama. Sake yi, don Allah, sake yi ta gani."

Saminu ya so ya ce da gaske yake. Amma mutum biyu ne a gabansa suna jiran dariya, shi kuwa bai taɓa iya hana mai jira ba. Ya sake yi, har da rawar murya da sosa ƙeya.

Labarin dai ya kai Furana. Ranar wani suna a gidan kawunsa, ya shiga gaida mata, ya tarar da Hussaina a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai. Ta kira shi da sunansa, ba bawana ba. Ta rage murya.

"Saminu, na ji ka je wurin Baffa da wata magana. Da gaske kake?"

Matan da ke kusa suka tsaya da aiki, tun bai buɗe baki ba sun fara murmushi. Kalma ɗaya ake nema a wurinsa. Ya dube su, ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, tsoron ya ce i su fashe da dariya ita ma ta bi su.

"Ni in auri tsohuwa? Sai dai in kawu zai haɗa mini da jaki."

Tsakar gidan ta kaure. Ya fita yana ɗingishin ƙarya, ana tafa masa. Sai da ya kai gadar hanyar Janfalan sannan ya tuna cewa Hussaina ba ta yi dariya ba, kanta kawai ta mayar kan faifan.

Ya ce gobe zai koma ya gyara. Goben ta zama jibi, jibin ta zama bayan an gama saran rake. Kafin kaka ta wuce an ɗaura mata aure da wani malamin makaranta a Kudan.

Yanzu furfura ta cinye masa gemu. Yana nan a ɗakinsa, yana zuwa fadama, har samari suna ɗaukarsa a waya suna turawa abokai. Tsokanar Hussaina kaɗai ya daina.

Bara Hussaina ta zo ta'aziyyar Baffa Zakiyyu. Bayan an yi addu'ar bakwai suka haɗu a ƙofar gida, cikin mutane. Saminu ya rusuna, ya gaishe ta da muryarsa ta ainihi.

"Sannu da zuwa, Hussaina. Ya ƙarin haƙuri? Ya maigidan?"

Mutane suka soma ƙumshe dariya suna zungurin juna, wai Saminu ya fito da sabon salo, ko gidan makoki bai bari ba. Hussaina ta ce lafiya lau, ta gode. Ta ɗan tsaya ko zai ƙara wani abu, sannan ta gyara mayafinta ta shiga mota.