Clarrie Voss da Fankar Motar Athol

Da ƙarfe biyar da rabi na safe, tun rana ba ta fara cizo ba, Clarrie Voss kan ɗaga ƙofar kwanon garejinsa a garinmu na Mungarra, ya ɗora butar shayi, ya share bakin ƙofa, sannan ya zauna a kan tsohuwar taya yana jiran wanda mota ta ba kunya. Shekara arba'in da shida ke nan yana haka. A ƙarshen watan nan zai rufe garejin, domin gwiwoyinsa sun daina yarda da durƙuso.

Masu kiwon tumaki sun san shi, direbobin motar makaranta ma haka. Amma idan aka tambayi mutanen gari abin da ba za su manta ba, yawancinsu sukan koma kan makon da Athol Harrigan ya rasu, cikin Janairun bara, tsakiyar lokacin zafi a wajenmu.

Athol makiyayi ne, yana da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya wadda ya saya tun yana saurayi. Kafin ya cika ya roƙi matarsa Noelene abu guda: a kai shi maƙabarta a bayan motar nan, jama'a na biye a ƙafa. Ta yi masa alkawari. Daga coci zuwa maƙabarta kilomita uku ne, an sa jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe biyu, kuma a makon nan zafi bai sauko ƙasa da digiri arba'in da uku ba. Motar kuwa lafiyarta ƙalau muddin tana gudu. Da zarar ta koma tafiyar ƙafa, fankar ƙarfen da injin ke juyawa sai ta yi sanyin jiki, ruwan lagireto ya tafasa.

Kowa ya yarda cewa fankar lantarki ce magani. Daga nan kuma babu bakin da ya zo ɗaya da wani. Ɗansu Dougal ya taho daga Brisbane da wata ƙatuwar fanka a kwali, ya ce wadda ta fi girma ita ta fi. Snowy, mai askin tumaki, ya rantse cewa ƙanana biyu sun fi babba ɗaya. Wani ya ce a ɗaura ta a gaba ta tura iska, wani ya ce a baya ta jawo. Noelene ta rubuta duk abin da aka faɗa mata a bayan ambulan ɗin ta'aziyya, inci kaza, ƙarfin wuta kaza, har lambobin suka riƙa yi mata rawa a ido. Ranar Laraba ta shiga gareji da ambulan a hannu, ta ce ita fa ba ta gane komai ba, kuma kwana biyu suka rage.

Clarrie ya karanta gaba da baya, ya miƙa mata kofin shayi.

"Ni ma ban sani ba tukuna, Noelene," in ji shi. "Bari mu tambayi motar."

Ya buɗe bonet, ya zura hannu tsakanin lagireto da inji, ya ga yatsu huɗu ne kawai ke shiga. Ya yanka kwali daidai faɗin lagireton, ya ɗora a kan fankar Dougal, sai ga fankar ta leƙo ta kowane gefe. Dougal, wanda ya haura hamsin amma har yanzu Clarrie ke kiransa yaro, ya ce ai a intanet kowa yabonta yake yi.

"A intanet ɗin sun ga dinamon babanka?" Clarrie ya tambaye shi.

Ya yi masa bayani a hankali, cewa dinamon tsohuwar mota ba ya ba da wutar kirki idan inji na tafiya a sannu, don haka babbar fanka za ta shanye batir tun ba a kai rabin hanya ba. Wadda aka ɗaura a gaban lagireto kuma za ta tare iskar da take son turawa. Dougal ya ce to ke nan babba ba ta yi ba, ƙarama ba ta isa ba, gaba ba kyau, baya ba wuri. Snowy ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce, "Kai tsoho, ka ce mana dai a tura ta da hannu mu huta."

Clarrie ya koma kan motar. Ya cire tsohuwar fankar ƙarfen don a sami wuri, ya goge ta ya ba Noelene ta adana. Ya zaɓi wata siririya mai inci goma sha huɗu, mai jawo iska daga baya, wadda ba ta cin wuta da yawa. Ya yanka kwano ya yi mata marfi a kewaye don kada ta ja iska ta gefe, ya ɗan ƙara wa injin saurin bugawa don dinamo ya ba da wuta. Ranar Alhamis da ƙarfe biyu na rana, daidai lokacin da za a yi jana'iza, ya sa Dougal ya tuƙa motar daga coci har maƙabarta, shi kuma ya bi ta a ƙafa da waɗannan gwiwoyin nasa. Allurar da ke nuna zafin inji ba ta motsa daga tsakiya ba.

Kai ne, Clarrie, mutumin da bai taɓa jin kunyar cewa bai sani ba. Kai ne ba ka yarda da gwajin safe a kan aikin da za a yi da tsakar rana.

Ranar Juma'a aka ɗora akwatin gawar a baya, aka kama hanya. Ba a yi kilomita ɗaya ba Dougal ya leƙo ta taga, fuskarsa ta sauya, ya ce allura na hawa. Noelene, da ke tafe daidai ƙofar motar, ta dubi Clarrie. Shi kuma ya matso kusa da bonet. Fanka na juyawa, yana jin ƙararta. Ruwa cike yake, shi ya duba da safe. Mota ɗaya ce, hanya ɗaya, rana ɗaya da ta jiya. Masu tafiya a baya suka fara raɗa, wani na cewa nauyin akwati ne, wani na cewa da ma an sa babbar. Allura ta kusa ja.

Clarrie ya saurara da kyau, ya ji fankar na kukan abin da aka toshe wa hanci. Ya ɗingisa ya zagaya gaban motar. Nan ya ga abin da babu shi jiya. Abokan Athol, don girmamawa, sun rataya jakar ruwansa ta tamfol a ƙarfen gaba, inda makiyayan zamanin da kan rataye irinta don iska ta sanyaya musu ruwan sha. Suka ƙara da hularsa, matan coci kuma suka ɗaura ƙaton zoben furanni a kai. A guje babu abin da hakan zai hana. A tafiyar ƙafa kuwa sun rufe wa lagireto fuska ruf.

Bai ce a tsaya ba, bai kuma nemi wanda ya yi ba. Yana tafiya da baya a gaban motar ya kwance igiyoyin. Furannin ya miƙa wa Snowy, hular ya ba Noelene, jakar ruwan kuma ya rungume a ƙirji.

"Ci gaba, yaro, kada ka taka birki," ya ce wa Dougal.

Kafin su wuce filin sukuwa allura ta dawo tsakiya. Waɗanda ke can baya sun ɗauka haka aka shirya, cewa a raba kayan Athol ga masoyansa a kan hanya, kuma har yau akwai masu yaba tsarin. Motar ta isa bakin kabari da ƙarfin kanta, injin na bugawa a natse. Noelene ta dafa bonet, ta ce a hankali, "To, Athol, na kawo ka."

Mun gode, Clarrie, gwanin sauraro. Wata mata ta yi alkawari ga mijinta, kai ka hana zafin rana ya karya mata shi. Duk mai sana'a a cikinmu da aka kawo wa aiki cikin ruɗani, ya yi koyi da kai: ya auna kafin ya yanke, ya gwada a lokacin da abin zai yi aiki, sannan ya bi aikinsa a ƙafa har inda za a sauke. Allah ya ba gwiwoyin nan hutu, ya sa ka daɗe a cikinmu.