Gidan Uwata a Kan Guntun Katako

A shekarun da nake dafa wa ma'aikatan wata gonar dabino abinci a Awali, can ƙasar Larabawa, an kawo wani mutumin Filifin ya yi fentin katanga. Musulmi ne, gajere, ba shi da yawan magana. Ba wanda ya koya masa zane. A tsibirinsu, inda ya baro mata da 'ya'ya, jikin kwalekwale ya fara yi wa ado har hannunsa ya faɗa. In an tashi aiki bayan la'asar, sai ya tara ragowar fenti a gwangwanayen tumatir, ya zauna yana zana teku a kan guntun katako.

Na daɗe ina sa masa ido. Ni ban cika yarda da mai zama shi kaɗai ba, amma ban taɓa kama shi da abin assha ba.

Ina yarinya muka baro ƙauyenmu na ƙasar Damagaram da ƙafa. Uwata ba ta biyo mu ba, ni kuma ban koma ba. Ga shi kamannin gidanta sun fara kuɓuce mini. Wata rana na dire masa kwanon shinkafa, na ce da ɗan Larabcinmu na kasuwa:

"Kai ɗan nan, gida za ka zana mini. Amma ban da mai rai. Ko kaza."

"Tayyib, ya Hajja."

Na sha fama da shi. Ya cika ko'ina da kore, na ce, "Wa ya ce maka a fadama muke? Busar da shi." Bishiyar kuka kuwa, sai ya zana ta siririya kamar ta kwakwa. Na ce, "Ƙara mata ciki! Itacen nan ya fi ɗakinka faɗi."

"Hajja," in ji shi, "ko mudir, shugaban gonar nan, bai kai ki faɗa ba."

Da ya gama, ga danga, ga rumbu, ga ɗakin uwata. Komai daidai, amma wayam. Kamar garin da annoba ta share.

Na ce, "Wannan ai kufai ne."

"Ke kika hana mutane."

"Na hana, kuma ban janye ba."

Ya ƙura wa katakon ido. Can ya ce, "War haka, me mahaifiyarki take yi?"

"Girki. A ɗaki take yi in ana iska."

Ya ɗauki ƙaramin burushi, ya dama fari da ɗan baƙi, ya ja hayaƙi siriri yana fita ta saman jinka. A bakin ƙofa ya ajiye takalma, ƙafa ɗaya ta ɗan karkace, kamar an tuɓe cikin sauri.

Ban ce masa ya yi kyau ba. Na gyara mayafina, na durƙusa a gaban katakon, na yi sallama, na ɗan jira.