Agogunan Motar Surukina

Motoci da yawa sun bi ta hannuna a shekarun da na yi ina kanikanci, yawancinsu ko launinsu ba na iya tunawa. Amma tafiyar da muka yi Argungu ni da surukina, muna neman agogunan wata tsohuwar mota, ita kam ba za ta fita raina ba muddin ina numfashi.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Birnin Kebbi ta cika da sababbin ma'aikata da motocinsu, garejina da ke Nasarawa kullum a cike. Surukina kuwa yana Zauro yana noman shinkafa, amma da ƙuruciya direba ne. Akwai wata tsohuwar motarsa mai dogon hanci da ke kwance a bayan gida, wadda ambaliya ta taɓa shanyewa har sitiyari. Ni da shi gaisuwa ce kawai, ina durƙushe kaina ƙasa, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Saboda haka ta bakin matata saƙon ya zo. Ta ce idon Baba ya fara yana, kuma ya ce yana son ya ga motar nan ta tashi kafin ganin ya ƙare.

Na sa aka jawo ta gareji. Na sauke injinta na ɗora mata wani mai ƙarfi da na ciro daga a-kori-kura, na yi mata fenti ja, na ɗinka mata kujeru. Agogunan gaban direba guda uku, na gudu da na mai da na zafin inji, duk tsatsa ta cinye su, sai na cire na sa sababbi masu baƙar fuska, suna aiki lafiya lau. Ranar da ya zo gani, ya zagaya ta yana shafawa yana sa albarka. Da ya zauna a kujerar direba, sai ya kai fuskarsa kusa da agogunan, ya daɗe yana kallo.

"Waɗanga ba nata ba ne," in ji shi.

"Baba, sun fi nata aiki."

"Awo, na yarda. Amma nata farare ne, lambobinsu kore, allurarsu ja. Waɗanga ban san su ba, su ma ba su san ni ba."

Gaskiya raina ya sosu. A lokacin ina ganin rigimar tsufa ce kawai. Amma da na koma gida na tarar matata ta zuba mini ido, na san babu zancen bari.

Na bi masu sayar da kayan gyara na garin nan kaf, na tona tarin ƙarafa har hannuwana suka yi kanta. Na samu na mai guda ɗaya, fari, amma lambobinsa baƙaƙe. Baba ya juya shi a tafin hannu ya miƙo mini abina. Daga baya wani direban tasha ya ce mini akwai irin motar a Argungu, a gidan wata Hajiya da mijinta ya rasu. Na je ni kaɗai. Ko zaure ba a bar ni na wuce ba. Ta aiko cewa motar ba ta sayarwa ba ce, ko ƙusa ɗaya.

Da labari ya kai wa Baba, sai ya ce mu koma tare. Kunyar da na sha a wannan tafiya Allah kaɗai ya sani. Aka matse mu a kujera ɗaya a motar haya, kafaɗata na gugar tasa, na rasa inda zan sa idona. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ɓare gyaɗa ya zuba mini a hannu, yana nuna mini fadama ta taga, yana faɗa mini inda tsohuwar hanya ta bi kafin a zuba kwalta. Ranar na fara jin dariyarsa.

Da muka isa, ya yi sallama ya faɗi ko shi wane ne, ya kuma ambaci laƙabin da direbobi ke kiran marigayin da shi. Sai ga Hajiya ta fito da kanta, tsohuwa 'yar siririya, tana gyara mayafi.

"Wa ya san wanga suna?" ta tambaya.

"Ni ne, Hajiya. Tare muka yi hanyar Sakkwato. Wata damina na kafe cikin laka da fasinja cike, kowa ya wuce ni, maigidanki ya tsaya ya tuɓe riga ya shiga ya jawo ni. Ban samu na yi mashi godiya yadda ya kamata ba."

Ta ce mu shigo. Motar na ƙarƙashin rumfa, babu tayoyi, an jera albasa a kujerar baya. Amma gaban direba an rufe shi da wani tsohon zane. Ta ɗage zanen, sai ga su nan su uku, farare, lambobi kore, allura ja, babu ko ƙura. Ashe kullum sai ta goge su. Baba ya sa yatsa ya shafa gilashin.

Suka zauna a tabarma suka yi ta hirar mutanen da duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ina gefe kamar ba da ni aka zo ba. Ba wanda ya ambaci agogo. Sai da muka yi la'asar, za mu yi sallama, ta dube ni.

"Kai makaniki, ɗauko abin kwance ƙusarka."

Na tsaya ina kallonta.

"Ka ji ni. Amma da sharaɗi. Ka ga 'yan lambobin ga na ƙasan agogon gudu? Tahiyar da ya yi ce duka a duniya, nan ta tsaya ranar da ya kwanta ciwo. Kada ka maishe su baya. Ku bar su su ci gaba daga inda ya tsaya."

Ban taɓa kwance ƙusa da taka-tsantsan irin na ranar ba. Ta naɗe mana su a zanen da take rufe su da shi, Baba ya rungume su a cinya har Birnin Kebbi.

Kwana biyu na yi ina haɗa wayoyi, don sabon injin da tsofaffin agogunan ba su saba da juna ba. Ranar da muka fita gwaji ni ke tuƙi, yana gefena, ya sunkuyo har hularsa na taɓa kafaɗata. Allurar ta motsa, ta fara hawa. "Ga ta nan, ina ganin ta!" ya ce, da murya kamar ta mai kiran wani daga nesa. Na tambaye shi ina muka nufa, ya ce ai akwai wadda ya kamata ta gani.

Muka tsaya a ƙofar gidan Hajiya a Argungu. Ta fito ta leƙo ta tagar motar ta dubi lambobin, ta ga sun matsa. Ta rufe baki da gefen mayafi, ta ce, "To, ya ci gaba da tahiya."

Ganin Baba bai kai wata damina ba. Yau su biyun duk sun rasu, Allah ya jiƙansu. Ni da nake taƙama na san mota ciki da waje, a hannun tsofaffin nan na koyi cewa tayar da inji rabin gyara ne. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini tsohon abu, ba na sa masa sifana sai na zauna na tambaye shi labarinsa, don sau da yawa abin da nake shirin jefarwa shi ne abin da ya kawo shi.